Ba a Cin Uwar Kuɗi: Nasiha ga Ɗaliban Kasuwanci



Tun zangon karatu na 2007/2008 gwamnatin Najeriya ta wajabta darasin sana'a da dogaro da kai a jami'o'i, ko me ɗalibi yake karantawa. Ku da kuka zaɓi fannin kasuwanci kuwa, darasin gidanku ne. Yanzu an haɗa muku shi da wasu biyu: ƙirƙira, wato fito da sabuwar dabara, da ɗorewa, wato neman riba ba tare da an kashe abin da ribar ke fitowa daga cikinsa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawanku kuka riƙi darussan nan riƙon sakainar kashi. A haddace ma'ana daren jarrabawa, a yi karo-karo a dama sabulun ruwa a zuba a robobi a nuna wa malami, a karɓi maki, shi ke nan an rabu. Ranar da aka gama bautar ƙasa sai a rungumi takardu a shiga zagayen ofisoshi. Neman aikin albashi ba laifi ba ne, halaliya ce. Amma ofisoshin ba za su ɗauke ku duka ba, kuma ilimin da kuka wuce ta gefensa shi ne wanda garuruwanku suka fi bukata.

Akwai ƙa'idar da kowane mai tireda ya sani ko da bai taɓa zama a aji ba: ana cin riba, ba a cin uwa. Wanda ya fara ɗibar uwar kuɗi yana cefane, shagonsa zai yi kyaun gani na ɗan lokaci, sannan kantoci su fara yin fili, daga nan sai kwaɗo a ƙofa. Duk abin da ake koya muku game da ɗorewa, faɗaɗa wannan ƙa'ida ne. Uwar kuɗi ba nairar da ke cikin asusu ce kaɗai ba. Ƙasar da ke fitar da amfanin da kake saye uwa ce. Ruwan da masana'antarka ke sha uwa ne. Manomin da ke kawo maka kaya, da lafiyar yaran da ke maka aiki, da yardar da mai saye ya yi maka, duk uwar kuɗi ce, ko da babu inda akanta ya rubuta su. Rahoton da kwamitin Brundtland ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987, da muradun ci gaba 17 da ƙasashe suka amince da su a 2015 da niyyar cim musu kafin 2030, in ka tace su, maganar ke nan: na yau su ci, amma kada su cinye rabon na gobe.

Ku dubi tarihin gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma Turawan mulki auduga suka sa rai za a yi ta lodawa zuwa masaƙun Ingila. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi tsoka, ga shi kuma in shekara ta zo da yunwa ana iya cin ta. Fataken da suka goge a safarar goro daga Gwanja suka juya hanyoyinsu da yaransu da amanar da ke tsakaninsu da mutanen karkara zuwa sayen gyaɗa. Cikinsu har da Alhassan Ɗantata, wanda kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. Wannan ita ce ƙirƙira tun kafin a sa ta a manhaja: sabuwar hanya ta buɗe, mai ido ya gane abin da zai bi ta kanta. A shekarun 1960 Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

To ina dalar gyaɗa yau? An yi fari mai tsanani a 1973, wata cuta ta game gonakin gyaɗa a 1975, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma. Amma tun kafin nan hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar tana tafiya wasu ayyuka, abin da ke komawa gona bai taka kara ya karya ba. Da masifa ta zo, manomi ba shi da abin da zai jingina da shi, sai ya koma shuka abin da zai ci. An yi shekaru ana cin uwa ana kiran ta riba.

Wani lokaci ba dukiya kaɗai ake ci ba. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Farashin zinariya ya tashi, mutane suna kwaso duwatsun ma'adini suna dakawa da niƙawa a cikin gidaje, inda yara ke rarrafe, alhali duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta shiga jinin yara. Fiye da yara 400 suka rasu, wasu dubbai suka bukaci magani, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa. Masu sayen zinariyar sun ci riba, a littafinsu babu asara ko ta kwabo. Asarar tana nan, wasu ne suka biya. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne zuciyar darasin: kowace sana'a tana da kuɗin da ba ya fitowa a takarda, kuma ɗan kasuwa na gari shi ne mai tambayar wa ke biyansa. Haka zancen yake ga majemar da ke sakin ruwan sinadari cikin kogin da masu lambu ke ban-ruwa da shi, da mai gidan burodin da ke ƙone kurmi a tanderunsa, da mai ruwan leda da ledojinsa ke toshe magudanar unguwa har damina ta rushe gidan talaka.

Kada ku ɗauka wa'azi kawai nake yi. Kasuwa ma tana hukunta mai wannan hali. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wasu 'yan kasuwa ne ke zazzaga fiya-fiya a buhu don kada ƙwaro ya ci musu jari. Sun tsare buhunsu, sun rufe wa ƙasa baki ɗaya ƙofar kasuwa, ban da cutar da suka ɗura wa masu cin waken a gida. Alhali maganin matsalar yana nan. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan na PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta tare da abokan aikinsu na Afirka: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A zuba wake busasshe, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwaron da ke ciki ya shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu, wake ya yi watanni lafiya ƙalau ba ɗigon guba. Manomi ya samu damar riƙe kayansa har farashi ya tashi, mai ƙera buhu ya samu ciniki, dillalinsa na kasuwar ƙauye ya samu na cefane. Ga ƙirƙira, ga kasuwanci, ga ɗorewa, duka a buhu ɗaya.

Da yawanku in an ce ƙirƙira sai hankalinku ya tafi ga manhajar waya da kamfanonin Amurka. Waɗannan ma ƙirƙira ce, kuma wanda Allah ya ba shi basirarsu ya dage. Amma bari in ba ku labarin malami irin naku. Marigayi Mohammed Bah Abba ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, kuma daga gidan magina tukwane ya fito. Ya lura da abin da kowa ke gani kullum: kayan lambu na lalacewa cikin kwana biyu ko uku a ƙauyen da babu lantarki, dole a sayar da su ko nawa aka taya, dole a ɗora wa yarinya talla a lokacin da ya kamata tana aji. Kowa ya san randa na sanyaya ruwa. Shi sai ya ɗauki tukunya babba ya sa ƙarama a cikinta, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan miya a ƙaramar, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafin ciki. Yalon da ke yaushi a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku. Bai tsaya a gwaji ba. Ya ɗauki magina aiki, ya raba dubban tukwane da kuɗin aljihunsa don mutane su gani da idonsu, sannan aka shiga sayarwa da araha. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex. Babu abin da ya shigo da shi daga waje: yumɓu, yashi, ruwa, da zafin rana wanda kowa ke kuka da shi.

Ku tsallaka Maraɗi ku ga wani. A farkon shekarun 1980 an kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa a Nijar, akasarinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara a gonaki ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: in an zo sharar gona, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da gatari. Dabarar ta bi bakin manoma daga gona zuwa gona har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. Gawo ya dawo gonaki, shi da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Mata suka samu itacen girki a kusa har da na sayarwa. Abin da ya sa dabarar ta kama shi ne manomi ya ga amfaninta a rumbunsa da aljihunsa, kuma ya tabbata itacen nasa ne. Ku rubuta wannan a zuciya: duk tsarin kare muhalli da bai ciyar da mai yin sa ba, ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare ranar zai mutu.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ku fita daga aji ku je inda ake asara. Ku je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir, ku tsaya ku ga yadda ake jibga kwando kan kwando a bayan babbar mota za a yi Legas. Kafin a isa kasuwar Mile 12 na ƙasa ya zama ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin mota. An ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya ba ya kaiwa tukunya. Mai wucewa zai toshe hanci, ɗalibin kasuwanci kuwa alƙalami ya kamata ya zaro. Nawa ake hasara a kowace mota? Nawa ne hayar akwatin roba da ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, kuma wa zai dawo da shi fanko? Me zai ci a shanya tumatir a kan raga mai tsafta maimakon a bakin titi cikin ƙura? A kudancin ƙasar nan Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa ColdHubs a 2015, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni, mai kaya ya biya kuɗin kwana a kan kowane akwati. Bai sayar wa talaka firji ba, hayar sanyi ya ba shi daidai ƙarfinsa. Sau da yawa sabuwar dabara ba a na'ura take ba, a yadda ake biya take.

Ta biyu, ku san cewa jari mai yawa ba ya maye gurbin sanin tushen kaya. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta fara aiki a 2016, an gina ta don ta sarrafa tan 1,200 a rana. A wannan shekarar, tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, daga baya kuma aka sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir da rashin daidaitawa kan farashi. In mai wannan ƙarfi ya gamu da haka, ina ga mai fara tatata? Kafin ka sayi inji, ka san wa zai kawo maka kaya wata goma sha biyu, kuma me zai sa ya ci gaba da kawowa. Ka biya shi farashin da zai iya sake shuka baɗi. Ranar da ka matse shi har ya bar noman, injinka ya zama kayan gwangwan.

Ta uku, duk tsarin kasuwancin da za ku rubuta, na jarrabawa ne ko na neman jari, ku yi masa tambaya uku kafin malami ya yi muku. Abin da nake ɗiba, yana mayar da kansa ko ƙarewa yake? Dattin da nake fitarwa, ina yake zuwa, kuma akwai mai bukatarsa? In farashin mai ko na dala ya ninka, zan tsaya da ƙafata? Tambaya ta biyu kan buɗe wata sana'ar: ƙuli-ƙuli daga tunkuzar gyaɗa yake, ɓuntun shinkafa ana matse shi ya zama makamashin girki, gwangwanin lemo da 'yan jari-bola ke tsincewa shi maƙera ke narkawa su zuba tukwane. Ta ukun kuwa kun ga amsarta da idonku. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, farashin fetur ya kusan ninkawa uku cikin 'yan kwanaki. Mai ban-ruwa da injin fetur ya ji a jikinsa, wanda ya riga ya kafa famfo mai aiki da hasken rana ya ci gaba da aikinsa.

Ta huɗu, kada ku raina ilimin kasuwa, kuma kada ku raina na aji. Wanda ya shekara talatin a Dawanau ko Kantin Kwari ya san abubuwan da babu su a littafi: wa ake ba bashi, yaushe ake sakin kaya, yaya ake gane buhun da aka yi wa algus. Ku durƙusa ku gaishe shi, ku yi masa hidima lokacin hutu, ku koya. Ku kuma kuna da abin da zai amfane shi: rubuta shiga da fita, raba aljihun shago da na gida, fitar da ainihin abin da kaya ya ci kafin a sa masa farashi, rajistar suna a hukumar CAC, neman lambar NAFDAC ga mai abinci ko man shafawa, tallata kaya ta waya. Dukiyoyi nawa ne a garuruwanmu suka watse da rasuwar mai su, saboda komai a kansa yake, ba a rubuce ba? Wannan ma rashin ɗorewa ne. In za ku yi haɗin gwiwa, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, ku rubuta yarjejeniya ku sa shaidu. Addini ma ya yi umarni da rubuta bashi, kuma rubutu ba ya ɓata zumunci, rashinsa ne ke ɓatawa.

Ku fara da abin da ke hannunku. Adashe ya tayar da mutane da yawa. Akwai tsarin da mai kuɗi zai sa dukiya, mai sana'a ya sa ƙarfinsa, a raba riba yadda aka yi alkawari, kuma bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa sun samu gindin zama tun da Jaiz ya fara aiki a 2012. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba matasan Afirka horo da jarin dala 5,000. Ku nema, mai nema yana tare da samu. Amma ina gargaɗinku da wata cuta da ta shigo: koyon kalmomin da masu ba da tallafi ke son ji, a cika takarda da zancen muhalli da sauyin yanayi, a ɗauki hoto da 'yan bishiyoyi, alhali babu mai saye ko ɗaya. Wannan roƙo ne aka naɗa masa rawani. Shaidar sana'a ita ce wanda ba danginka ba ya ciro kuɗinsa ya saya, ya kuma dawo.

Ƙannena mata, ku kuna da gado a wannan fage. Iyayenmu mata sun daɗe suna juya ƙaramin jari daga cikin ɗaki: man gyaɗa, daddawa, saƙa, turaren wuta, kiwon awaki. Abin da ya hana sana'o'in nan girma sau da yawa shi ne rashin lissafi, da rashin mazubi mai kyau, da bashin da ba a biya, da hayaƙin murhu mai cin ido da ƙirji. Wadda ta karanta kasuwanci ta koma ta gyara wa mata goma na unguwarsu waɗannan abubuwa, ta haɗa kayansu ƙarƙashin suna ɗaya da inganci ɗaya, ta kafa kamfani ke nan.

Ga malamanku kuma, ku roƙe su cikin ladabi su haɗa muku misalan ƙasashen waje da na gida. Ku nemi a kai ku kasuwa da masana'anta, a gayyato muku 'yan kasuwar da suka taɓa karyewa suka tashi, don darasin da ke bakinsu ya fi na wanda bai taɓa faɗuwa ba. In lokacin aikin binciken kammalawa ya zo, kada ku sayi tsohon kundi ku sauya masa suna. Wanda ya fara rayuwar kasuwancinsa da algus a takarda, da wuya ya ƙi yin sa a mudu. Ku zaɓi matsala ɗaya ta garinku, ku auna ta da ƙafarku, ku yi hira da masu fama da ita, ku gwada mafita ko da a kan mutum biyar ne. Wataƙila abin da zai ciyar da ku ke nan bayan makaranta.

Hanyar da nake nuna muku ta fi tsawo. Mai tauye mudu da mai zuba guba a buhu za su riga ku sayen mota, kuma za a yi muku gori. Ku yi haƙuri, ku riƙe gaskiya a awo, ku biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci, ku bar ƙasa da ruwa yadda na bayanku za su samu abin nema. Kafin wannan zangon ya ƙare, kowannenku ya samo asara ɗaya da ake yi a unguwarsu, ya lissafa ta da alƙalami, ya kawo wa abokansa su yi shawarar yadda za ta zama sana'a. Allah Ya yi wa karatunku albarka, Ya ba ku halal mai yalwa, Ya sa al'umma ta amfana da ku.